Haggis ko bandar kifi: da wanne baƙo zai fara a Sikotilan?

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Aberdeen, Dundee ko Glasgow, ba zai daɗe ba wani ɗan ƙasa zai tare shi da tambaya: "Ka ɗanɗana haggis kuwa?" Yakan yi tambayar yana kallon fuskarka, domin ya saba ganin baƙi suna yatsina da zarar an faɗa musu abin da ke ciki. Zuciyar tunkiya ce da hantarta da huhunta, a dafa, a niƙa, a cuɗa da albasa da kitse da ɓarzajjen hatsin ot da gishiri da masoro, a ɗura cikin tumbi a sake dafawa. Wanda ya tashi a gidan da ake farfesun kayan ciki ba zai ga abin yatsina a nan ba. Damuwarmu daban ce: wa ya yanka tunkiyar, kitsen na mene ne, kuma me aka zuba a cikin miyar da aka kwarara a kai. Shi ya sa nake ganin bai kamata mutum ya bari mai masauki ya zaɓa masa farantinsa na farko ba.

Hanya uku ce a gabanka idan kana son sanin abincin gadon mutanen nan: haggis na asali, haggis marar nama, da kuma kifin gabar gabas, wato miyar Cullen skink da bandar Arbroath. Ra'ayina tun yanzu shi ne ka fara da kifi. Amma haggis yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce.

Haggis mai kyau, idan aka farke shi da zafinsa, warwarewa yake yi kamar dambu, ga danshi ga maiƙo. Abin da ya fi fitowa a baki shi ne masoro da ƙamshin gasasshen hatsi, sai ɗan ɗacin hanta a can ƙarshe. Yaji ne mai ɗumama ƙirji, ba mai ƙona harshe ba, don haka wanda ya saba da attaruhu zai ji shi da sanyi-sanyi. Ana kawo shi da abokan tafiya biyu da suke kira neeps da tatties: na farko wani saiwa ne mai launin ruwan ɗorawa da ɗan zaƙi, na biyu dankalin turawa, duka an dafa an murƙushe da man shanu. Haɗin yana da hikima, domin su biyun suna shanye maiƙon. Sharaɗi ɗaya ne, a ci shi da zafi. Da ya huce kitsen yake daskarewa ya manne a dasashi, kuma da yawa daga masu cewa sun ƙi haggis, wanda ya huce aka ba su.

Asalinsa abincin talaka ne. Ƙasar tana da sanyi da yawan ruwan sama, alkama ba ta yi sosai a yawancin yankunanta, sai ot da sha'ir. Idan an yanka tunkiya, naman jiki yana iya jira ko a kai kasuwa, kayan ciki kuwa ba sa kwana. Niƙa su da hatsi a dafa cikin tumbi dabara ce ta hana asara da kuma ƙara auki. Ba ma mutanen Sikotilan kaɗai suka san dabarar ba, don tsofaffin rubuce-rubucen girki na Ingila tun ƙarni na 15 sun ambaci irinsa. Abin da ya mayar da shi tutar ƙasa mawaƙi ne, Robert Burns, wanda aka haifa a ƙauyen Alloway ranar 25 ga Janairu, 1759. A 1786 ya yi wa haggis waƙar kirari da harshen mutanensa, yana fifita shi a kan girke-girken Faransa da masu kuɗin zamanin ke taƙama da su. Ya rasu a 1796, abokansa suka taru a gidan da aka haife shi a 1801 don tunawa da shi, aka ci haggis aka karanta waƙar. Daga nan al'adar ta kafu, daga baya ta koma ranar haihuwarsa. Yau duk 25 ga Janairu ana wannan walima a jami'o'i da otal-otal da gidaje, har a ƙasashen da jikokinsu suka yi ƙaura kamar Kanada da Ostireliya.

A nan ne haggis ya fi ƙarfin kowane abokin takara. Ana gama shan miya sai ka ji busa daga bakin ƙofa, kowa ya miƙe tsaye. Mai busa algaitarsu mai jaka yana gaba sanye da zanen nan nasu mai ratsi-ratsi, mai girki yana biye da haggis a kan babban faranti, yana tururi, jama'a na tafi a hankali. A ajiye shi a teburin manya. Wanda zai yi kirari ya zaro wuƙa, ya goge ta a hannun riga, yana rera baitocin da ko Baturen Landan ba ya gane rabinsu, ya kai wani baiti ya caka wuƙar ya tsaga tumbin daga wannan kai zuwa wancan, cikin ya kwararo waje. Dattijon da ɗazu yake magana ƙasa-ƙasa sai ka ga idonsa ya kawo haske. Wanda yake son ya fahimci yadda mutanen nan suke ji game da ƙasarsu da harshensu, to a wannan ɗakin zai gani, ba a gidan tarihi ba. Idan an gayyace ka, kada ka ƙi zuwa.

Sai dai zuwa daban, ci daban. Haggis ɗin da ke manyan kantuna, naman cikinsa daga mayankar gama-gari yake. Malamai sun yi saɓani kan yankan Ahlul Kitabi a irin mayankun zamani, inda ake sumar da dabba kafin yanka, kuma kowa ya san wanda yake bi. Amma akwai abin da babu saɓani a kansa: wasu kamfanonin ba kayan cikin tunkiya kaɗai suke sa wa ba, suna amfani da huhun alade ko kitsensa, musamman a masu araha. Sunan da ke gaban leda ba zai gaya maka ba, sai ka juya bayanta ka karanta. A gidajen abinci kuma an fi son kwarara masa wata miya ta madara da aka zuba wa wiski, a walimar Burns kuwa da wiskin ake ɗaga kofi bayan kirari, wasu ma su yayyafa a kan farantinsu. Akwai wani girki da ya yi farin jini a bukukuwan aure, Balmoral, ƙirjin kaza da aka cusa wa haggis. Kaza ce a suna, amma da yankin naman alade ake naɗe ta. Ga mai kiyaye halal, haggis na asali a hannun wanda ba ka sani ba yana da ƙofofi huɗu na shakka, kuma mai hidimar tebur sau da yawa ba zai iya rufe maka ko biyu ba.

Akwai mafita ga mai haƙuri. Glasgow tana da tsohuwar al'ummar Musulmi, yawancinsu 'yan asalin Pakistan, babban masallacinsu an buɗe shi tun 1984, kuma unguwar Pollokshields cike take da mahautan halal. Akwai masu yin haggis da naman halal, sai dai ba abu ne da za ka tsinta a kowane kanti ba, cigiya ake yi, kuma gara ka fara tun kafin Janairu ya kama. Idan ka dace da shi, ka sami abin da ya fi kusa da abin da Burns ya yi wa kirari. Ka tambaya ko da huhu, domin huhun ne yake ba shi wannan sakwa-sakwa. Amurka ta haramta sayar da huhun dabba a matsayin abinci tun 1971, shi ya sa haggis ɗin da ake yi a can ba ya gamsar da 'yan Sikotilan mazauna ƙasar.

Hanya ta biyu ita ce haggis marar nama. Kamfanin Macsween na Edinburgh ne ya fito da shi a 1984, yanzu kusan duk mai yin haggis yana da nasa. Hatsin ot ne da wake da adas (wani ɗan ƙaramin wake) da karas da albasa da naman kaza na daji (wato mushroom, tsiro ne ba nama ba) da 'ya'yan kabewa, da man tsiro a madadin kitse, kayan ƙamshin kuma iri ɗaya ne da na asalin. Masu ra'ayin riƙau suna cewa wannan ba haggis ba ne, kuma ta fuskar tarihi suna da gaskiya, tunda duk ma'anar abincin ita ce kada a zubar da kayan ciki. Amma a baki ya fi yadda ake zato. Masoron yana nan, ƙamshin hatsin yana nan, ba ya daskarewa da wuri, ba ya kuma yi wa ciki nauyi. Abin da ya rasa shi ne zurfin nan na hanta. Bayan loma biyar za ka ji wake kake ci. Na san 'yan ƙasar da ba su daina cin nama ba amma wannan suke saya, don iyalinsu sun fi son shi. Amfaninsa babba ga baƙo shi ne a walimar Burns kusan kullum ana tanadarsa. Ka rubuta a takardar amsa gayyata cewa marar nama kake so, ba tare da miyar wiski ba, sai ka zauna a teburi ɗaya da kowa, farantinka da nasu kamanninsu ɗaya, ka ɗaga kofin ruwa ko na Irn-Bru, lemon kwalbarsu mai launin lemu, lokacin da suke ɗaga nasu. Babu wanda zai ji ka raina masa al'ada. Ka kuma lura da kayan zaƙin ƙarshe: cranachan, haɗin kirim da zuma da gasasshen ot da jajayen 'ya'yan itace, da wiski ake yin sa sai in an ce kada a sa.

Yanzu kifi. Idan ka hau jirgin ƙasa daga Dundee zuwa Aberdeen, teku tana hannunka na dama, kuma garuruwan da kake wucewa da kamun kifi suka tashi. Kifin da suka fi ji da shi shi ne haddock, farin kifin teku mai laushin tsoka, marar ƙarni sosai. A Ingila an fi soya ɗan'uwansa cod, a Sikotilan kuwa idan ka ce a ba ka kifi da dankali, haddock za a miƙo.

Arbroath, garin da aka rubuta sanarwar nan ta neman 'yancin Sikotilan a 1320, shi ne gidan bandar da suke kira smokie, ko da yake sana'ar ta taso ne daga Auchmithie, wani ƙaramin ƙauyen masunta da ke arewa da garin kaɗan. Ana cire wa haddock kai da kayan ciki, a barbaɗa gishiri a bar shi ya sha, a ɗaure kifi bibbiyu ta wutsiya, a rataya a kan sanduna su tsane. Sai a hura wuta da itace mai ƙarfi a cikin rami ko rabin ganga, a jera sandunan a kai, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Zafi da hayaƙi da tururi su haɗu su dafa kifin cikin abin da bai wuce sa'a guda da 'yan mintuna ba. Tun 2004 doka ta kare sunan: in ba a cikin kewayen kilomita 8 daga tsakiyar garin aka yi shi ba, ba za a kira shi da sunan Arbroath ba. A wuraren baje koli na rani za ka tarar da masu yin sa a gabanka. Mai bandar ya ɗage buhu, hayaƙi ya turnuƙe, ya ciro kifi fatarsa ta koma launin tagulla, ya matsa bayansa da babban yatsa ya buɗe shi kamar littafi, ya zare ƙashin baya gaba ɗaya da ja guda, ya miƙo maka a takarda. Tsokar fara ce tas, tana ɗigar ruwa, gishiri daidai, hayaƙin bai danne zaƙin kifin ba. Ba a busar da shi ƙarau, don haka ba ya ajiyuwa. Kwana kaɗan yake yi a firji. A ganina babu wani abinci a ƙasar da ya kai wannan daɗi, kuma abin da ke cikinsa uku ne kacal: kifi, gishiri, hayaƙi. Babu tambayar da za ka yi wa kowa.

Cullen skink miya ce, sunanta daga garin Cullen da ke gabar Moray, arewa maso yammacin Aberdeen. Haddock ne da aka yi wa hayaƙi mai sanyi, irin wanda ƙauyen Findon ya shahara da shi, a dafa shi cikin madara da albasa da dankalin turawa da man shanu, a murƙushe wani sashe na dankalin don miyar ta yi kauri. A ranar da rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, iska tana kaɗowa daga Tekun Arewa, kwano ɗaya da burodi ya isa ya mayar da mutum hayyacinsa. Ga harshenmu tana da aibi ɗaya da ya kamata in faɗa: babu yaji ko kaɗan, kuma kifi cikin madara ba haɗin da kowa zai karɓa nan take ba ne. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya kiyaye. Wanda kuma ya ji ta yi masa lami, ɗan garin barkono a kai ba ya ɓata ta, ko da masu gasar dafa ta a Cullen ba za su yarda ba. A girkin gargajiya babu giya babu nama, amma wasu gidajen abinci na zamani suna ɗiga farar giya ko su barbaɗa soyayyen naman alade a sama don ado, saboda haka tambaya ɗaya ta wajaba. Ka fi son wadda kifinta fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa. Mai launin rawaya shar rini aka yi masa.

Ta fuskar kuɗi haggis ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Guda ɗaya daga kanti da dankali zai ciyar da ɗalibai uku, kuma ana iya ɗumama shi cikin 'yan mintuna. Bandar Arbroath ta fi tsada, bibbiyu ake sayarwa, kuma in ka yi nisa da gabar gabas sai wadda aka rufe a leda, wadda ba ta kai ta bakin wuta ba. Cullen skink tana tsakiya: ana samunta a gidajen abinci a ko'ina, kamfanin Baxters yana sayar da ta gwangwani, dafa ta a gida kuma bai fi rabin sa'a ba.

Kada ka ɗauka su kansu 'yan ƙasar bakinsu ɗaya. Akwai wanda ba ya taɓa haggis sai daren 25 ga Janairu, shi ma don kunya. Akwai wanda duk mako yake sayen soyayyensa cikin kwaɓin fulawa a shagon kifi da dankali. A Glasgow har an mayar da shi cikin pakora, wata suya mai kama da ƙosai ta mutanen Pakistan da Indiya. Kunun ot na safe, tsofaffi da gishiri kawai suke shan sa, suna dama shi da wata 'yar muciya da suke kira spurtle, kuma suna ganin mai zuba sukari ya ɓata abin. Jikokinsu kuwa zuma da ayaba suke zubawa. A ƙauyen Carrbridge ana gasar dama wannan kunu ta duniya tun 1994, kuma a rukunin gargajiya ot da ruwa da gishiri kaɗai aka yarda da su. Mutumin Edinburgh yana son dankalinsa da gishiri da wata miya ruwan ƙasa mai tsami, na Glasgow gishiri da binega, kuma kowannensu yana mamakin ɗan'uwansa. Can tsibirin Lewis, mutanen Ness suna da al'adar zuwa wani dutse a tsakiyar teku da ake kira Sula Sgeir su kamo 'ya'yan wani tsuntsun teku, su gishirta su. Su a wurinsu abin marmari ne, yawancin mutanen babban yankin kuwa ko warinsa ba sa iya jurewa. Saboda haka idan ka ce wani abu bai yi maka ba, ba ka yi wa kowa laifi ba, ka shiga gardamar da suka daɗe suna yi ne.

Inda baƙo ya fi faɗawa rami ba a walima ba ne, a abincin yau da kullum ne. Cikakken karin kumallonsu yana zuwa da naman alade, da tsiran nan mai kusurwa huɗu na Lorne, da black pudding wanda da jini ake yin sa, kuma ko ka ce a cire su, ƙwai da wainar dankalin da suka rage sau da yawa a kasko ɗaya aka soya su. A otal gara ka nemi kunun ot, ko kifi mai hayaƙi da ƙwai. Miyar adas da ake sayarwa a kowane kantin shayi kamar ta ganye ce zalla, alhali a gargajiyance da ƙashin cinyar alade ake yin romonta. Mazauna Aberdeen su lura da buttery, wanda wasu ke kira rowie, burodin nan mai gishiri da maiƙo da aka ƙirƙiro don masunta: da man alade aka san shi, ko da yake wasu gidajen burodi sun koma man tsiro. Wasu shagunan kifi da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Scotch broth, miyar sha'ir da naman tunkiya, da cock-a-leekie, ta kaza da albasa mai dogon ganye, su ne mafi sauƙin yi a gida da naman da ka sayo daga mahaucin da ka yarda da shi, kuma ba su rasa komai idan kai ka dafa.

To wa zai ɗauki wanne? Mai ziyarar kwana uku a Edinburgh, ya nemi Cullen skink a rana ta farko. In yana son ya ce ya ɗanɗana haggis, ya karɓi marar nama. Ɗalibin da ke Dundee ko Aberdeen ba shi da uzuri, Arbroath tana kan layin jirginsa, ya sauka wata Asabar ya bi ƙamshin hayaƙi zuwa unguwar bakin tashar jiragen ruwa. Wanda aka gayyata walimar Burns, marar nama ne nasa, ya kuma sanar tun da wuri. Wanda zai shekara biyu ko uku a ƙasar kuma yana son kayan ciki da gaske, shi ne ya cancanci wahalar neman na halal a Glasgow, ya dafa a gida, ya gayyato maƙwabcinsa ɗan ƙasa ya yi masa kirarin.

Batun tsaraba kuwa, duk ukun babu wanda zai kai Kano ko Maraɗi lafiya. Abin da ke jure hanya shi ne shortbread, biskit ɗin fulawa da man shanu da sukari, wanda kamfanin Walkers yake yi a garin Aberlour tun 1898, sai tablet, alawar madara da sukari mai narkewa a baki. Tablet zaƙinta ya yi yawa ga manya, yara ne za su yi rububinta, kuma akwai wadda ake ɗiga wa wiski, don haka ita ma a duba bayan kwalin. Ga iyaye da surukai shortbread ya fi dacewa, na cikin gwangwanin ƙarfe, don na kwali yakan farfashe a cikin akwati.